Wasiƙa daga Washington: Ba a kashe mutum don mota

 

Yaya, na ji saƙonka kan ɓarawon waya da aka kama a unguwarmu, da yadda ka ce da an bar matasa sun gama da shi da kowa ya huta. Wallahi maganar nan ta tsaya mini a rai. Ka gafarce ni, amma ban yarda da kai ba ko kaɗan.

Bari in ba ka labarin abin da ya faru a nan. A watan Janairun 2023, a unguwar Brookland da ke cikin Washington, wani magidanci ma'aikacin gwamnatin birni ya ji motsi wajen ƙarfe huɗu na asuba. Ya fito da bindigarsa, wadda yake da lasisinta, ya ga yara suna taɓa motocin da ke ajiye a bakin titi. Ya yi harbi, ya kashe yaro ɗan shekara 13. A bidiyon da aka nuna a kotu ana jin yaron yana ba da haƙuri, yana cewa shi yaro ne. Mutumin ya ce kare kansa ya yi. Masu taya alƙali yanke hukunci ba su karɓa ba. A 2024 suka same shi da laifin kisa, ko da yake ba kisan gilla ba, a 2025 aka yanke masa shekara 12 da rabi.

Doka a nan ta raba sata da fashi. Wanda ya fasa motarka ba ka ciki, dukiya ya taɓa. Wanda ya ɗora maka wuƙa ya ce kawo makulli, ranka ya nema, kuma a nan ne kawai za a saurari batun kare kai har ya kai ga kisa. A Maryland ma, in a waje kake kuma akwai hanyar tsira, sai ka kauce tukuna.

Na san za ka ce wannan dokar Nasara ce. To a littafin wane malami ka karanta cewa ana ƙone ɓarawo da taya da fetur? Ko yanke hannu alƙali ne ke yin sa, bayan shaida, bayan an duba nisabi da inda aka ajiye kayan.

Kuma ka tuna Uromi, Maris 2025. Mafarauta 16 'yan uwanmu, suna hanyar gida yin Sallah, aka ce masu garkuwa da mutane ne, aka ƙone su. Ranar nan duk mun yi kuka muna cewa me ya sa ba a kai su wajen hukuma ba. Wanda aka kama a unguwarmu shi ma yana da uwa, Yaya.

A gaishe mini da Hajiya, a ce maganin ƙafarta yana hanya.