Wa ya zaɓa wa mai shago manhajar aikinsa?

A bakin kusan kowace ma'aikata da kowace babbar makaranta, daga Maraɗi zuwa Damagaram, daga Tawa zuwa Yamai, akwai ɗan shago mai kwamfuta ɗaya ko biyu da na'urar fotokopi. Nan ake buga takardar neman aiki, da katin biki, da jarrabawar da malami ya rubuta da hannu, da dokokin ƙungiya. In aka tambayi mai shagon dalilin da ya sa yake aiki da Word da Excel, amsarsa ɗaya ce: haka ya tarar da su. Mai gyara ne ya zuba masa su ranar da ya sayo tsohuwar na'urar, ya karɓi ladansa ya tafi. Tela ba ya yarda a saya masa keken ɗinki bai taka shi ba, amma ga mutum ya ɗora lissafin bashinsa da takardun jama'a bisa kayan aikin da wani ya zaɓa masa, kuma sau da yawa na sata.

Kofin sata ba kyauta ba ne. Kafin a fasa makullinsa, mai gyara kan kashe abin da ke tsare na'urar daga birus, sannan kowace kile da ɗalibai da ma'aikata ke kawowa ta shigo da nata ciwon. Tsufa ma ya cim masa: ranar 14 ga Oktoba 2025 kamfanin Microsoft ya daina gyaran Office 2016 da Office 2019, a rana guda da Windows 10.

Masu son halal sai su ce a biya Microsoft 365. Wannan haya ce ta wata ko ta shekara, ana biyan ta da katin banki, abin da mai ɗan shago bai cika riƙewa ba. Ranar da hayar ta ƙare, takardunsa na buɗuwa ya karanta, amma ba ya iya gyara ko harafi guda, alhali shi ya buga su. Google Docs kuwa cikakken aikinsa na bisa intanet ne. Wanda ya ga duhun da ya biyo bayan yanke wutar Najeriya a watan Agusta 2023 ya san abin da ke samun sana'ar da ta jingina da waya mai zuwa daga nesa.

Akwai hanya ta huɗu, wadda masu gyara ba su ambata domin babu ladan fasa makulli cikinta. LibreOffice ta fito a 2010 daga zuriyar OpenOffice, gidauniyar The Document Foundation ce ke riƙe da ita. Tana da shafin rubutu da na lissafi da na gabatar da darasi, tana magana da Faransanci, tana aiki babu intanet, kuma lasisinta ya halatta a kwafe ta a bai wa maƙwabci. Siffar da take ajiye takarda da ita, ODF, ta zama ƙa'idar duniya tun 2006, ma'ana ba kamfani guda ke riƙe da mabuɗinta ba. Masu cewa kayan talakawa ne, to su sani jandarmomin Faransa sun koma OpenOffice tun 2005, kuma a 2024 jihar Schleswig-Holstein ta Jamus ta yanke shawarar mai da kwamfutocinta wajen 30,000 bisa LibreOffice. Waɗannan ba rashin kuɗi ya kore su ba.

Tana da aibi. Takardar Word mai tebur da yawa kan karkace in an buɗe ta, kuma wanda hannunsa ya saba da wuraren maɓallan Word zai yi kwanaki yana lalube. Shagon da kullum ke musayar manyan takardu da ofisoshin da ke bisa Word yana da hujjar sayen lasisi na gaskiya. Sai dai ya saya da saninsa.

Babbar maganar ga masu karanta wannan mujalla ita ce ta haruffa huɗu: ɓ, ɗ, ƙ, ƴ. Taron Bamako na 1966 ya yi aiki a kan rubutun harsunan yankin nan, ma'aikatar ilimi ta Nijar ta tsai da ƙa'idojin rubutun Hausa a 1999, kundin sake gina ƙasa na Maris 2025 ya kira Hausa harshen ƙasa. Duk da haka katin biki na fitowa yana yi wa «baki» maraba maimakon baƙi, takardar ƙungiya na kiran a yi wa «kasa» aiki. In an yi magana, a ce na'ura ce ba ta iya ba. Ƙarya ce, da ƙ mai lanƙwasa. Haruffan nan na cikin Unicode tun farkon shekarun 1990, kuma Word da LibreOffice duka suna rubuta su. Abin da babu shi ne wurinsu a allon AZERTY da aka gada daga Faransa, da kuma wanda ya damu ya gyara.

Gyaran na rabin yini ne. Keyman, wadda SIL ke bayarwa kyauta, tana ƙara wa allon rubutu haruffan da babu. Siffofin haruffa irin su Charis da Andika suna fitar da su tsaf a takarda. Ko babu waɗannan, ana iya koya wa manhajar ta riƙa musanya wata alama da ƙ duk lokacin da aka buga ta. Abin gudu shi ne tsohuwar dabarar nan ta siffar haruffa ta musamman, wadda ke zana ƙ a gurbin wani harafi: takardar na da kyau a na'urar da aka buga ta, in ta je wata sai ta koma q da x ko ƴan akwatuna. Ƙungiyar da ta ajiye tatsuniyoyi ko sunayen mambobinta ta haka, sai ta sake bugawa daga farko.

Laifin bai tsaya ga mai gyara ba, shi neman abincinsa yake. Cibiyoyin horo na ba da takardar shaida mai cewa «Word, Excel», kamar a ce an koya wa yaro sunan alƙalami maimakon rubutu. Malamai da shugabannin ƙungiyoyi kuwa, su ne manyan masu kai aiki shagunan nan, kuma su ne ke karɓar takarda marar lanƙwasa su biya ba su ce uffan ba. Malamin da ke rage wa ɗalibi maki don ya manta ɗigon da ke bisa é, shi ne ke raba jarrabawar Hausa mai «daki» a wurin ɗaki. Mai shago yana jin maganar mai biya. In malaman makaranta guda suka mai da takarda sau biyu saboda ƙ, a karo na uku za su tarar an sa Keyman.