Odell Beckham: Hannu ya ɗaga shi, gwiwa ta sauke shi

A wannan makon za mu ɗan bar Firimiyar Ingila da La Liga, mu leƙa wani wasa da ba mu cika kallo ba a gidajen kallon ƙwallo na unguwanninmu, wato ƙwallon Amurka. Labarin wani ɗan wasa ne ya kai mu can, kuma muna ganin duk ɗalibin da ke buga ƙwallo bayan an tashi daga makaranta zai ƙaru da shi.

Bari mu fara da yadda wasan yake. Kowace ƙungiya tana da 'yan wasa 11 a fili, kamar a ƙwallon ƙafa, sai dai ƙwallon tasu mai siffar ƙwai ce, kuma da hannu aka fi sarrafa ta. Tsawon filin yadi 100 ne. Ana ba ƙungiyar da ke riƙe da ƙwallo dama huɗu ta matsa gaba da yadi 10; in ta kasa, ƙwallo ta koma hannun abokan hamayya. Wanda ya shiga da ƙwallo ƙarshen filin abokan hamayya ya ci wa ƙungiyarsa maki shida. Akwai mai jefa ƙwallo, wanda shi ne jagoran kai hari, akwai kuma masu cafkewa, waɗanda ke tsayawa can gefen fili. Aikin mai cafkewa shi ne ya sheƙa da gudu, ya yi kwana ba zato don ya kauce wa mai tsaronsa, ya yi tsalle ya cafke ƙwallo a sama, alhali ya san wani ƙato na tafe zai banke shi. Jarinsa hannu ne da gwiwa da idon sawu.

Odell Beckham Jr. yana cikin masu cafkewa da suka fi yin suna a zamaninsu. An haife shi a ranar 5 ga Nuwamba, 1992, a birnin Baton Rouge na jihar Louisiana. Yana yaro ya buga ƙwallon ƙafa irin tamu kafin ya mayar da hankali kan ƙwallon Amurka. A can ba a tsallakawa daga sakandare kai tsaye zuwa babbar gasar ƙwararru ta NFL. Doka ta ce sai mutum ya yi shekara uku da gama sakandare. Don haka yawancin 'yan wasa ta jami'a suke bi, kuma jami'a ba ta barin ɗalibi ya buga mata wasa in makinsa na aji ya faɗi ƙasa da ƙa'ida. Beckham ya yi shekara uku yana buga wa Jami'ar Jihar Louisiana, sannan a 2014 ƙungiyar New York Giants ta ɗauke shi, shi ne na 12 a zaɓen sababbin 'yan wasa na shekarar.

Tun kafin ya buga wasan farko jiki ya fara yi masa gargaɗi. Ciwon naman bayan cinya ya hana shi wasanni huɗu na farkon kakar. Da ya dawo kuwa, sai ya nuna abin da aka ɗauko shi ya yi. A daren 23 ga Nuwamba, 2014, a wasansu da Dallas Cowboys, Eli Manning ya wurga masa ƙwallo daga nesa. Mai tsaronsa yana jan sa, shi kuma ya yi tsalle da baya, ya miƙa hannun dama, ya cafke ta da 'yan yatsu, ya faɗa cikin gidan cin maki. Ƙungiyarsa ta sha kashi a wasan da ci 31 da 28, amma washegari ba wanda ke zancen sakamako, hoton cafkewar ne ya karaɗe intanet. Yana da shekara 22 a lokacin. A wasanni 12 kacal ya cafke ƙwallo 91, ya ci yadi 1,305, aka ba shi kyautar gwarzon sabon ɗan wasan kai hari na shekara. A 2015 da 2016 ma ya haura yadi 1,300 a kowace kaka.

Daga 2017 labari ya fara canzawa. A watan Oktoba, a wasa da Los Angeles Chargers, ya karye a idon sawun hagu, aka yi masa aiki, kaka ta ƙare masa bayan wasanni huɗu. Duk da haka a Agustan 2018 Giants ta ba shi kwantiragin shekara biyar da kuɗinsa zai iya kaiwa dala miliyan 95. A ƙarshen wannan kakar ciwon cinya ya sake zaunar da shi wasanni huɗu, kuma a Maris na 2019 ƙungiyar ta miƙa shi ga Cleveland Browns. A can ya buga kaka guda da ciwo a mararsa, sai bayan an gama aka yi masa aiki. A ranar 25 ga Oktoba, 2020, a wasa da Cincinnati Bengals, wani mai tsaron baya ya tare ƙwallon da aka jefo masa, Beckham ya bi shi don ya tsayar da shi, nan jijiyar gwiwarsa ta hagu ta tsinke.

A nan ya kamata mu tsaya mu fahimci wannan jijiya, domin masu ƙwallon ƙafa ma ita ke yawan kayar da su. Likitoci suna kiran ta ACL. Tana can cikin gwiwa, ta haɗa ƙashin cinya da ƙashin ƙwauri, ita ce ke hana ƙwauri zamewa gaba ko murɗewa. Sau da yawa ba sai an buge mutum take tsinkewa ba: ƙafa ta kafe a ƙasa, jiki ya juya da ƙarfi, shi ke nan. Idan ta tsinke gaba ɗaya ba ta cika haɗewa da kanta ba. Ga ɗan wasan da ke son komawa fili, likitoci kan yanko wata jijiya, galibi daga jikinsa, su dasa a madadinta. Daga nan sai watanni tara zuwa shekara guda na atisayen farfaɗo da ƙafa, kuma wanda ya taɓa tsinka ta ya fi wanda bai taɓa ba haɗarin sake tsinkawa.

Beckham ya jure duk wannan ya dawo. A Nuwamban 2021 Cleveland ta sallame shi, Los Angeles Rams ta ɗauke shi, kuma da taimakonsa suka kai wasan ƙarshe na gasar, wanda ake kira Super Bowl. A ranar 13 ga Fabrairu, 2022, suka haɗu da Bengals, ƙungiyar da ya ji ciwo a wasa da ita tun farko. Shi ne ya fara cin maki shida a wasan. Kafin a tafi hutun rabin lokaci, yana ƙoƙarin cafke wata ƙwallo, ba wanda ya taɓa shi, sai ya faɗi yana riƙe da gwiwar nan ta hagu. Daga gefen fili ya kalli ragowar wasan. Rams ta yi nasara da ci 23 da 20, aka nuno shi yana kuka. Ya samu kofin da kowane ɗan wasa ke mafarki, a daren da ya sake rasa gwiwarsa.

Bai buga ko wasa ɗaya ba a kakar 2022. A 2023 Baltimore Ravens ta ba shi kwantiragin shekara guda, ya cafke ƙwallo 35. A 2024 ya koma Miami Dolphins, ya cafke tara kacal, kuma a Disamba suka rabu. Ku kwatanta da 101 da ya cafke a 2016. Hannun yana nan yadda yake, saurin kwanar da ke raba shi da mai tsaronsa ne ya ragu, kuma a wannan aiki taƙi ɗaya ke raba gwani da gama-gari.

Me ya sa muka kawo muku wannan labari? Na farko, Beckham yana da ƙwararrun likitoci da kuɗin da zai biya su, duk da haka rauni ya cinye masa shekarun ƙarfinsa. Mu da ke buga ƙwallo a filin makaranta mai tsakuwa, wani da silifa wani ba takalmi, mun fi shi buƙatar taka-tsantsan. Kada ku faɗa wasa jiki a sanyaye. Hukumar FIFA tana da tsarin ɗumama jiki da ake kira 11+, na kimanin minti 20, wanda ya ƙunshi sassarfa da tsalle da tsayuwa da ƙafa ɗaya, kuma an tsara shi ne don rage irin waɗannan raunuka. Ku nemi malaminku na wasanni ya koya muku. Idan za ku diro daga tsalle, ku lanƙwasa gwiwa, kada ku bari ta karkata ciki.

Na biyu, ku san alamun haɗari. Idan gwiwa ta yi ƙara lokacin da kuka murɗe, ta kumbura cikin 'yan sa'o'i, ko kuna jin tana gocewa in kun taka, to ku bar fili nan take ko da abokai za su ce kun yi raki. Ku sa ƙanƙara a cikin tsumma ku ɗora, ku ɗaga ƙafar sama, ku sanar da iyayenku a je asibiti. Mun san a gidajenmu da yawa wurin mai ɗori ake fara zuwa, amma tsinkewar jijiyar cikin gwiwa daban take da karaya, matsa da murza ba sa haɗa ta. Hoton ƙashi na yau da kullum ma ba ya nuna ta, sai likita ya gwada gwiwar da hannu ko a ɗauki hoton MRI. Yawancinku ba za a ma kai ga yin aiki ba, amma gara likita ya faɗi haka da bakinsa.

Na uku, maganar karatu. Ƙiyasin da aka fi ambata shi ne matsakaicin ɗan wasan NFL ba ya wuce shekara uku da 'yan watanni a gasar. Beckham ya yi sa'a ya tara dukiya kafin gwiwa ta juya masa baya. Da yawa rauni ya same su tun kafin kwantiragin farko. A cikinku akwai masu burin zama Ahmed Musa ko Osimhen, kuma ba mu ce ku ajiye burin ba. Abin da muke cewa shi ne, ranar da aka sa wasan unguwa daidai da lokacin darasin shirin WAEC ko NECO, ku tuna cewa takardar sakamako ba ta tsinkewa a fili. Mai sha'awar wasanni da ya riƙe darasin kimiyyar halittu da kyau zai iya zama likitan ƙashi ko mai gashin ƙashi, irin waɗanda suka mayar da Beckham fili har sau uku bayan manyan raunuka.

Aikin gida na wannan makon: ku buɗe littafinku na kimiyyar halittu, ku zana gwiwar mutum, ku nuna ƙasusuwan da suka haɗu a wurin da jijiyoyin da ke riƙe da su. Wanda ya taɓa jin ciwo a wasa kuma ya rubuto mana yadda aka yi da yadda ya warke, za mu buga wasu daga cikin wasiƙun. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.