Ku Bar Yara Su Tada Gawar Fijo

Akwai wata ɗabi'a a garejojin Paraku da Jugu da na daɗe ina haɗiye maganarta, yau dai sai na amayar. Da zarar yaro mai koyon kanikanci ya buɗe baki ya ce yana so ya sayi gawar mota ya tada ta da hannunsa, ya ƙawata ta yadda ransa ke so, sai a yi masa caa. Maigidan gareji ya ce tsaurin ido ne, yaron da bai gama sanin lambar sufana ba. Uba ya ce almubazzaranci ne, gara ya tara kuɗin aure. 'Yan majalisar shayi kuma su ce ya kalli bidiyon Turawa a waya har kansa ya juye, wai wannan wasan 'ya'yan masu kuɗi ne. Ni kuwa na ce dukansu sun kauce hanya, kuma abin da suke yi yana cin sana'ar nan ta ciki kamar gara.

Bari in fara da masu cewa wasan 'ya'yan masu kuɗi ne, domin su ne suka fi kowa jahiltar abin. Motocin nan da ake gani a bidiyo, waɗanda Amurkawa ke kira hot rod, talauci ne ya haife su. A shekarun 1930, lokacin da tattalin arzikin Amurka ya durƙushe, samarin kudancin Kaliforniya ba su da kuɗin sabuwar mota. Abin da suke da shi bola ce cike da tsofaffin Ford. Kamfanin ya ƙera Model T kimanin miliyan 15 tsakanin 1908 da 1927, saboda haka gawarta ta fi komai araha. Yaro ya saya, ya cire mata duk wani ƙarfe da ke ƙara nauyi, ya gyara inji, ya ja ta zuwa busassun tafkunan hamadar Mojabe, irin su Muroc, ya gwada gudu da abokansa. Da Ford ya fito da inji mai silinda takwas a 1932, mai ƙarfin doki 65, sai suka koma farautar irinsa a bola suna dasawa cikin tsofaffin bodi. A 1937 ƙungiyoyinsu suka haɗu suka kafa SCTA don tsara gasar. A 1948 aka fara buga mujallar Hot Rod, a 1951 kuma Wally Parks ya kafa NHRA, ƙungiyar tseren da har yau take raye. To ina ɗan mai kuɗi a wannan labari? Yaran gareji ne da 'yan aikin ƙarfe, sa'o'in yaranmu na Zongo.

Mu ma muna da tamu Ford ɗin, tana kwance bayan kowane gareji kaji na ƙwai a cikinta. Peugeot 504 nake nufi, Fijo ta iyayenmu. An fito da ita a Faransa a 1968, aka haɗa ta a Kaduna tun daga shekarun 1970 har zuwa tsakiyar shekarun 2000, ta lashe tseren Safari na gabashin Afirka a 1975. Ita ce ta yi shekara da shekaru tana ɗaukar mutum tara da kaya a kai tsakanin Paraku da Jugu, tafiyar kilomita kusan 135, ita ce ta je Malanbil, ita ce ta je Kwatano. Kuma in ana neman motar da za a koyi kanikanci a kanta, ban san wadda ta fi ta ba. Silinda huɗu ne a jere, kafireta ce ke ba ta mai, tayun baya ne ke turawa, ba kwamfuta ko ɗaya a jikinta. Ka buɗe bonet ka ga komai da idonka, ka sa hannu ka taɓa. Yaron da ya kwance injin 504 har ƙusa ta ƙarshe ya mayar ya kuma tashi, ya san abin da fistin ke yi, ya san dalilin da ya sa mota ke hayaƙi, ya san bambancin kukan bawul da kukan ƙarfen da ya rasa baƙin mai. Wannan sani ba ya tsufa. Motar da ta zo daga Kwatano jiya da na'urori cike da ciki, ita ma fistin ne ke hawa da sauka a ƙarƙashin wayoyin.

Amma me muke yi da waɗannan gawarwaki? Muna sayar wa 'yan gwangwan a kan kilo. A sare da wuta, a loda a tirela, a tafi da ita kudu a narke. Maigida ya karɓi abin da bai kai kuɗin ragon layya ba, yana murna ya share fili, alhali yaro biyar na tsaye suna kallon makarantarsu tana tafiya.

A nan ne zan taɓo iyayen gidanmu, kuma ina roƙon su yi haƙuri, don ba zan sassauta ba. Kowa ya san yadda koyon sana'a yake a ƙasar nan. Uba ya kai yaro, a biya kuɗin shiga, a yi yarjejeniya. Shekarar farko shara ce da wanke kayan inji da fetur da sayo wa maigida abinci. Ta biyu miƙo sufana. Wani sai ya kai shekara huɗu ba a bar shi ya saita kafireta shi kaɗai ba, domin idan aka zo wurin da ainihin sirrin yake, a lokacin ne ake aiken sa sayo ruwa. Daga ƙarshe kuma ga bikin yayewa, wanda a nan ake ce wa liberasiyo, da jerin kayan da za a kai wa maigida da ya isa ya karya iyali. Gwamnati ta kawo jarrabawar CQM da CQP don yaro ya samu takardar shaida ba tare da wannan nauyi ba, kuma an gode. Sai dai takarda ba ta kwance inji. Ladabi da biyayya abu ne mai kyau, ni ma da su aka raine ni, amma idan biyayya ta zama hanyar ɓoye ilimi don a tsawaita aikin kyauta, sunanta ya canza.

Na san wani yaro a Jugu, dangin maƙwabtanmu ne. Shekararsa huɗu a gareji, da dare kuma yana zem, wato acaɓa, da babur ɗin yayansa. Da abin da ya tara ya sayi wata 504 doguwa da ta yi shekaru a kan duwatsu, ba taya, ba batir, gilashi ɗaya ya rage. Ya roƙi maigidansa ɗan lungu a bayan gareji da zai riƙa taɓa ta bayan an tashi. Amsar da ya samu ita ce ya zaɓa, ko motar ko garejin. Ni da kaina na je wurin dattijon. Na ce, "Baba, ku yi masa haƙuri mana, ai sunanku zai ɗaga in ta tashi." Ya dube ni ya ce, "Ɗana, in ya iya wannan, gobe wa zai riƙe mini jak?" Wallahi na ji daɗin gaskiyar da ya faɗa, don ita ce sauran ke lulluɓewa da zancen tarbiyya. Yaron ya tura motarsa bayan gidan kakarsa, ya yi fiye da shekara yana fama, yana aron kayan aiki, yana hawa mota zuwa Paraku neman gasket da ringi. Ta tashi. Ya ɗaga mata ƙafa, ya ƙarfafa sifirin na baya, ya yi mata koren fenti da ratsin fari. Yanzu doya take kwasowa daga ƙauyuka ranar kasuwa, kuma masu motoci sun fara kai masa gyara.

Ku lura da cewa ɗaga ta ya yi. Wannan ya nuna yaron na da tunani, domin akwai wasu da nake jin haushinsu kusan kamar yadda nake jin na masu gareji, wato 'yan tafi na Facebook. Kowane wata sai an yaɗa hoton wani matashi da ya lanƙwasa kwanon rufi ya yi siffar Lamborghini, ya ɗora a kan injin babur, ƙasanta na shafar ƙasa. Sai ka ga dubban mutane suna "Allah ya ƙara basira, gwamnati ta taimaka masa." Ba wanda zai tambaya: birki fa? Sitiyarin da me aka ɗaure shi? Waldar da ke riƙe da ƙafar gaba, wa ya duba ta? Amurkawa sun sassauko da motocinsu ne saboda filin tafki shimfiɗe yake kamar tabarma. Wanda ya kwaikwayi wannan a hanyar jar ƙasa ta ƙauyukan Donga, da damina, a ramin farko zai bar salansa. Haka ma sare rufi. Ford ta 1932 bodinta a kan shasi yake zaune, ka sare sama ƙasa na nan da ƙarfinsa. Ita kuwa 504 ƙarama bodin ne ƙashin bayanta, ba ta da shasi daban. Ka yanke mata rufi don ka burge 'yan mata, ka raba ta da abin da ke hana ta lanƙwashewa.

Masu tsoron haɗari suna da hujja, kuma ba zan raina ta ba. Mota abin kisa ce. Idan ka ninka gudu sau biyu, nisan da za ka ci kafin ka tsaya ninkuwa yake yi sau huɗu, kuma ba ruwan wannan lissafi da addu'ar da ka rubuta a gilashin baya. Amma a duba abin da su samarin Kaliforniya suka yi. Tsofaffin Ford birkin sanduna da wayoyi gare su, sai a 1939 kamfanin ya koma birkin mai. Nan da nan cire wannan sabon birki daga bola a dasa wa tsohuwar mota ya zama aikin da kowane mai hankali ke yi. NHRA ɗin ma an kafa ta ne don a kwashe tsere daga titunan gari a kai shi fili, a riƙa duba mota kafin a bar ta ta shiga. Tsoron haɗari ya sa su tsara abin. Mu kuwa tsoron ya sa mun kori yaro daga gaban gwani mun tura shi bayan gidan kaka, inda ba mai duba masa walda. Wanne ya fi kusa da kashe rai? Mai farawa in yana ƙarƙashin idon maigida, za a tilasta masa bin tsari: birki tukuna, sai sitiyari da ƙafafu, sai taya, sai inji, fenti can ƙarshe. A ce masa ba za ta hau kwalta ba sai ta wuce binciken CNSR, kuma in ya canza inji ko launi ya je ya daidaita takardunsa. Wanda aka kora kuwa, da fenti zai fara, don shi ne ake gani a hoto.

Ga masu zancen almubazzaranci kuma, tambaya ɗaya gare ni. Kuɗin da ake zubarwa a bikin yayewa na yini guda, da anko da kiɗa da lemo, da kuɗin gawar mota da za ta koyar da yaro shekara guda ta kuma ciyar da shi daga baya, wanne ne ɓarna?

Lokaci ma ba ya gefenmu. A Janairun 2017 Najeriya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, ta rufe iyakar daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020. A Mayun 2023 ta cire tallafin mai, kpayo da muke saye a kwalba bakin hanya ya yi tashin gwauron zabo. Bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 aka rufe gadar Malanbil da Gaya, tireloli suka yi cirko-cirko. Paraku da Jugu garuruwan hanya ne tun zamanin fataken goro da ke bi ta nan daga Kano zuwa Gwanja, kuma duk ranar da hanya ta tsaya, gareji ne ke fara jin yunwa. Sana'ar da ta dogara ga jiran motar wani ta lalace, irin wannan yanayi na iya kashe ta. Wanda ya iya haɗa mota daga tarkace yana da abin sayarwa ko an rufe iyaka. Unguwar Suame ta Kumasi da kasuwar Panteka ta Kaduna da irin wannan hannu suka yi suna.

Abin dariyar shi ne, waɗannan mutane da ke danne yaransu su ne na gaba wajen alfahari da Jelani Aliyu, ɗan Sakkwato da ya zana Chevrolet Volt a kamfanin General Motors. Su ne suka yi ta yaɗa labarin Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibin Jami'ar Bayero da ya haɗa jirgi mai saukar ungulu a 2007 da injin Honda Civic da tarkacen motoci. Ɗan wani in ya yi, baiwa ce. Naka in ya gwada, ya raina manya.

Ban roƙi ma'aikatar gwamnati komai ba, kuma ban ce a jira wata ƙungiyar Turawa ba. Masu gareji na Paraku da Jugu suna da ƙungiyoyinsu, suna taro, suna karɓar kuɗin wata. Su yanke cewa duk yaron da ya shiga shekara ta uku yana da haƙƙin lungu a gareji da yammacin Lahadi. Su yanke cewa kafin a kira ɗan gwangwan, a fara yi wa yaran gida tayin gawar a kan farashin kilon da zai biya, su haɗa kuɗi su uku ko huɗu su saya. Maigida bai yi asarar dala ɗaya ba. Su nemi izinin hukumar gari a ware fili a bayan gari sau ɗaya a shekara, da rani, a jera motocin da yara suka tada, dattawa uku su shiga ƙarƙashin kowace da tocila. Gwajin farko kuma na tsayawa ne: a ja layi a ƙasa, a taho da gudun kilomita 50, a taka birki, a auna da igiya. Wadda ta zarce, a mayar da ita gareji da turi.