Zauren Iyali: Mutumin da Ba Shi Ne Ba

Wata uwa ta rubuto mana daga Sakkwato. Daga Bafarawa suke, cikin ƙasar Isa, rashin zaman lafiya ne ya kawo su birni. Ta ce ɗanta ya cika wayarsa da tsofaffin finafinan wani Bature mai suna Alfred Hitchcock, kullum dare yana kallo. Ta hana shi ne, ko ta ƙyale shi?

Mama, ga abin da na sani. An haifi mutumin nan a Landan a 1899, ya rasu a Amurka a 1980. Ɗan Katolika ne, ya kuwa yi finafinai fiye da 50. Gwanintarsa ita ce sa faɗuwar gaba. Yakan nuna wa mai kallo hatsarin tun da wuri, mutanen cikin labarin kuwa ba su sani ba, har ka ji kamar ka yi musu ihu. Amma fa ba duka ne na yara ba. Cikin Psycho na 1960 akwai kisa da wuƙa, ban yarda a kalle shi gaban ƙanana ba. Vertigo na 1958 shi ne masana suka sa a kan gaba a 2012, ni dai sau biyu yana sa ni gyangyaɗi.

Wanda nake so ki kalla tare da ɗanki shi ne The Wrong Man na 1956, gama ba ƙagaggen labari ba ne. A 1953 wani makaɗi a birnin New York, Manny Balestrero, ya je ofishin inshora neman rance domin a yi wa matarsa aikin haƙori. Ma'aikatan suka dube shi, suka ce ai shi ne ɗan fashin da ya taɓa shigo musu. 'Yan sanda suka kama shi. Shaidu suka nuna shi da yatsa, ba domin mugunta ba, sun tabbata a ransu shi ne. Cikin fim ɗin mahaifiyarsa ta ce masa ya yi addu'a. Yana tsaye gaban hoton Yesu yana roƙo, sai aka nuno fuskar ainihin ɓarawon tana shiga cikin tasa. Kama ce kawai. Aka kama wancan yana wani fashin, aka saki Manny. Amma kafin nan baƙin ciki ya taɓa hankalin matarsa, har aka kwantar da ita a asibiti. Wanke shi da aka yi bai warkar da ita nan da nan ba.

Mutanen Isa da Sabon Birni ba su bukatar Bature ya koya musu faɗuwar gaba. Sun san kwana da kunne a buɗe, ana sauraron ƙarar babura. Sun kuma san kalmar nan infoma. Masu kai wa 'yan bindiga labari akwai su, ba mai musu. Amma sau nawa aka ce “an gan shi”, wanda ya faɗa kuwa ji ya yi a bakin wani? Wani domin an ga ya yi sabon takalmi, wani domin ba a taɓa gonarsa ba. Inda tsoro ya yi yawa, sunan da ya fita daga baki ba ya komowa, wani lokaci mai sunan ma ba ya komowa gida. Musulmi da Kirista duka abin ya ci.

Saboda haka, Mama, kada ki ƙwace wayar. Ki zauna kusa da shi, ya fassara miki. In kun gama, ku buɗe Farawa sura 39, inda matar Fotifar ta riƙe rigar Yusufu a matsayin shaida, sa'an nan Fitowa 20:16. Ki tambaye shi, da shi ne ma'aikacin ofishin nan, me zai ce wa 'yan sanda?

A wata mai zuwa, in Allah ya yarda, za mu duba I Confess na 1953, labarin fada wanda mai kisankai ya faɗa masa asirinsa, daga baya zargin ya faɗa kan fadan.