Gefen Titi Haƙƙin Mai Keke Ne

Akwai wata magana da ta zauna daram a bakin mutanenmu, daga Tsiga zuwa Bakori, har Funtuwa da Malumfashi, wai keke abin hawan wanda bai samu ba ne. Yaro na fara tasawa burinsa ya jingine keken babansa ya hau Bajaj. Ɗan siyasa in ya tashi rabon tallafi mashin yake rabawa, a yi ta tafa masa. In aka ga magidanci mai furfura yana taka feda zuwa gona, sai a ce Allah sarki, har yanzu bai huta ba. Wannan tunani kuskure ne, kuma kuskure ne mai cin rai, domin shi ya haifar mana da tituna waɗanda ba a ware wa mai keke ko taku ɗaya a cikinsu ba. Wanda aka raina ba a yi masa tanadi.

Duk mai shakka ya tsaya bakin hanyar Funtuwa zuwa Malumfashi ranar kasuwar Bakori, lokacin kaka. Zai ga manomi ya ɗaure buhun masara a kariya da igiyar roba, ya rataya galan a hannun keke, yana lallaɓawa a bakin kwalta. Inda ruwa ya zaizaye gefen titin, kwaltar ta tsaya kamar dakali, tsakaninta da ƙasa ya kai taƙi guda. Tirela ta taso daga baya ta danna oda ba tare da ta rage gudu ba. Zaɓinsa biyu ne: ko ya tsaya a kan kwalta iskar mota ta fizge shi, ko ya faɗa ramin da buhu a bayansa, gaban keken ya ɗaga, sifok ya karye. A ɗan wurin da gefen ya rage da lafiya kuwa, mu da kanmu mun shanya masara da barkono, mun jera duwatsu don kada a taka mana. Mai keke dole ya koma tsakiyar hanya. In tsautsayi ya faɗa, abin da za ka fara ji shi ne, me ya kai shi kan titi da keke?

To ina zai bi? Titin nasa ne kamar yadda yake na mai tirela. A ƙa'idar manyan hanyoyin tarayya, bayan faɗin kwalta mita 7.3, akan tsara kafaɗa mai faɗin mita 2.75 a kowane gefe. Wannan kafaɗar ita ce hanyar mai keke da mai tafiya a ƙasa da mai kora amalanke. Ita ce kuma ake fara yi wa aikin ha'inci, ita ake mantawa in an zo gyara. Za a cike ramukan tsakiya saboda motar manya, a bar gefe yana zubewa shekara da shekaru, babu mai ɗaga murya.

Masu cewa zamanin keke ya wuce, su duba aljihun manomi. Kafin 29 ga Mayun 2023, ranar da Shugaba Tinubu ya sanar da cire tallafin mai, lita ba ta kai naira 200 ba a farashin gwamnati. A 2024 ta haura naira 1,000. Tun daga nan kekunan da suka yi tsatsa a zaure suka fito, masu faci suka dawo da aikinsu. Malamin firamare da albashinsa ba ya ɗaukar kuɗin acaba kullum, ɗalibin da makarantarsa ke wani gari, mai tallan madara, mai kai taki gona, duk sun koma feda. Ba kuma sabon abu ba ne a wurinmu. Iyayenmu da keken Rali suka yi fatauci, har kamfanin ya kafa masana'anta a Kano. Kuɗin audugar da ta ɗaukaka sunan Funtuwa, da yawansa keke aka fara saya da shi.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne yadda muke ɗaukar darasi a baibai. A 2001 Ministan Sufuri Ojo Maduekwe ya yi ta kiran 'yan Nijeriya su rungumi keke, shi ma ya riƙa hawa zuwa aiki a Abuja, har wata bas ta ture shi. Ƙasa ta ɗauka da dariya, aka ce ga sakamakon mai neman mayar da mu baya. Amma abin da haɗarin ya nuna a fili yake: in minista bai tsira a titin babban birni ba, yaya ɗan makaranta a hanyar Kabomo ko Kakumi? Laifin na titin ne.

Mutanen Holan, waɗanda yau ake misali da su, ba da hanyoyin keke aka halicce su ba. A 1971 haɗarin mota ya kashe musu mutum fiye da 3,000, cikinsu yara sama da 400. Iyaye suka fito suka tsare tituna suna neman a daina kashe musu 'ya'ya, matsalar man fetur ta 1973 ta zo ta ƙara musu hujja, gwamnati ta sauya tsari. In an ce waɗannan Turawa ne masu kuɗi, to a leƙa Wagadugu, inda aka ware wa masu ƙafa biyu layinsu a manyan tituna. Burkina Faso ba ta fi mu arziki ba.

Na san za a ce mini yankin da ke fama da 'yan bindiga ina shi ina zancen keke. Babu wanda ya fi mutanen Tsiga sanin zafin wannan masifa. Sai dai rai ɗaya ne, ko a daji aka ɗauke shi ko a ƙarƙashin tifa, kuma maganin na biyun yana hannunmu, ba ya buƙatar jirgin yaƙi. Kuɗin gadar ƙasa guda irin ta Ƙofar Ƙaura a Katsina zai gyara kafaɗar titi mai nisan gaske.

Saboda haka ƙungiyoyin ci gaban gari, da shugabannin makarantu, da masu faci da suka fi kowa sanin wanda aka ture jiya, su haɗa kai su tunkari kansila da shugaban ƙaramar hukumar Bakori da 'yan majalisarmu da buƙata a rubuce. A cike kafaɗar titi a shafe ta da kwalta, musamman daga bakin gari zuwa makarantu da kasuwa. A yi tudun rage gudu na ƙa'ida mai fenti da allo, ba tulin ƙasar da matasa ke tarawa cikin fushi bayan an kashe yaro ba, wanda shi ma kan kayar da mai keke da dare. Dokar hanya ta ce kilomita 50 a awa cikin gari, tirela kuwa 45, hukumar kiyaye haɗurra ta tilasta ta a kan manyan motoci. Hakimi da masu unguwanni su nema wa manoma filin shanya, limamai su yi magana a kai ranar Juma'a. Masu keke su ma su gyara birki, su sa fitila da abin ƙyalli a baya, don baƙin keke a duhu direba ba ya ganinsa sai ya iso kansa.

Kuma a kai wannan takarda tun ana awon hanya, kafin a ba ɗan kwangila aiki, domin da zarar an zuba kwalta an yanke ƙyalle, sai a shekara goma ba a sake waiwayar wurin ba.