Zauren Magidanta: Tsohuwar Kwamfuta, A Ƙara Mata Ƙwaƙwalwa Ko A Sake Wata?

 

Maganar wannan karon daga ofishinmu ta taso. Kwamfutar da muke buga wannan mujalla da ita ta tebur ce, ƙirar 2012, muka saye ta hannu a 2016 cikin kayan da ake saukewa a Duwala. Ta yi mana hidima, ba mu raina ba. Amma tun bara nawa ta kama ta: a kunna ta bayan Azahar, sai an zuba shayi an shanye kafin ta gama buɗewa. Da aka zauna taron kwamiti, ma'ajinmu ya ce a sayi sabuwa a huta. Sakatare ya ce masa: "Alhaji, Allah ya ƙara girma, asusun da za a ciri kuɗin nan shi ne wanda muke biya wa marayu makaranta da shi a watan Satumba." Zauren ya yi tsit. Mun kuma san cewa irin wannan muhawara tana cikin gidaje da yawa a nan Mokolo, musamman inda ake da ɗa ko 'ya mai shirin tafiya jami'ar Marwa ko ta Garwa.

Abin da ya fara kamata magidanci ya gane shi ne kwamfuta tana da wurin ajiya iri biyu, kuma masu sayarwa sukan cakuɗa su, wani lokaci da gangan. Akwai rumbu, inda takardu da hotuna da karatun Alƙur'ani da muka ɗauka suke zaune ko an kashe na'urar. Akwai kuma ƙwaƙwalwar aiki, wadda ake kira RAM, masu gyara a nan kuma suna ce wa sandarta baret. Ita kamar tabarmar da uwargida take shanya gero ce: komai girman rumbun da ke bayan gida, in tabarmar ƙarama ce, sai an yi ta kwasa ana mayarwa, rana ta faɗi aiki bai ƙare ba. Kwamfuta mai giga 4 a yau haka take. Da an buɗe shafukan intanet biyar tare da takarda ɗaya, tabarma ta cika, sai ta koma jigila tsakaninta da rumbu.

Ba a bukatar boka don a gane ciwon. A danna Ctrl da Shift da Esc tare yayin da na'urar take nawa, a duba shafin da yake nuna aikin sassanta. In ƙwaƙwalwa ce take kusan cika, baret ake bukata. In kuwa rumbu ne yake tsaye a kan 100 bisa 100, to, ko an ninka ƙwaƙwalwar ba za a ga wani canji na a zo a gani ba. Maganin shi ne a cire tsohon rumbu mai faifai mai juyawa a sa SSD, wanda babu abin da yake motsi a cikinsa. A tamu na'urar ciwon biyu ne duka, kuma mun tarar sauyin rumbun ya fi ƙarin ƙwaƙwalwar amfani nesa ba kusa ba.

A nan muka yi tuntuɓe, kuma muna faɗa don kada wani ya maimaita. Mun aiki yaro Marwa, tafiyar kilomita wajen 80, da saƙon "a sayo baret mai giga 4". Ya dawo da DDR4, alhali na'urarmu DDR3 take ci. Tsagar da ke ƙasan sandar ba a wuri ɗaya take ba, don haka ba ta shiga, kuma wanda ya tura ta da ƙarfi zai fasa mazauninta. Mai shagon ya ƙi karɓa sai da ragi. Laifinmu ne. Da mun cire tsohuwar mun ba yaron ya tafi da ita, da ba a yi haka ba. Haka kuma sandar kwamfutar tafi-da-gidanka gajera ce, ba ta shiga ta tebur, kuma wasu daga cikinsu DDR3L kaɗai suke karɓa. Wani tarko kuma: Windows mai bit 32 ba ta iya amfani da fiye da giga 3 da ɗoriya, ko da an cusa mata 8.

Akwai na'urorin da ba su da ƙofar gyara ko kaɗan. Iyaye da yawa suna tuna kwamfutoci 500,000 da Shugaba Paul Biya ya yi wa ɗaliban jami'o'i alkawari a 2016, waɗanda aka fara rabawa a ƙarshen 2017 da sunan PBHev. Rumbunsu giga 32 ne, abin da ya jawo ce-ce-ku-ce a jaridu a lokacin. Ƙananan na'urori irin wannan galibi ƙwaƙwalwarsu a liƙe take da allon ciki, babu mazaunin da za a sa wata. Wanda ya gāji irinta daga yayansa, kada ya kai ta wurin mai gyara yana fatan a mayar da ita doki.

Sai maganar farashi, wadda ta juya lissafin da muka saba da shi. Shekaru da dama baret ita ce gyara mafi araha. Amma a ƙarshen 2025 kuɗinta ya yi tashin gwauron zabo a duniya, domin kamfanoni uku da suke ƙera mafi yawanta, wato Samsung da SK Hynix na Koriya ta Kudu da Micron na Amurka, sun karkata ga manyan cibiyoyin ƙirƙirarriyar basira masu biyan kuɗi da tsoka. A watan Disamba na 2025 Micron ta sanar da cewa za ta daina sayar wa ɗaiɗaikun mutane kayanta masu tambarin Crucial. Tsadar ta taɓa sababbin kwamfutoci su ma, tunda da ƙwaƙwalwar ake haɗa su. Abin mamaki, mai tsohuwar na'ura irin tamu ya ɗan tsira, domin DDR3 ta hannu, wadda ake cirowa daga matattun kwamfutoci, tana nan a teburan masu gyara.

To, ashe sakatare ne da gaskiya? Ba gaba ɗaya ba, kuma dole mu yi wa Alhaji adalci. Kamfanin Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025, sai dai ƙarin wa'adin shekara guda da ya ba waɗanda suka yi rajista. Windows 11 kuwa tana neman sashen tsaro mai suna TPM 2.0 da injin Intel daga zubi na takwas zuwa sama, wato na wajen 2018. Na'urar 2012 ba za ta tsallake wannan katanga ba ko an cika ta da baret. Za ta ci gaba da aiki, amma ƙofofin da ɓarayin intanet suke ganowa ba mai toshe mata su. Ga mai buga takardu a gida wannan ba babban abu ba ne. Ga wanda yake shiga asusun banki ko yake riƙe da bayanan mutane, babban abu ne. Suratul Isra'i ta yi kashedi mai tsanani a kan almubazzaranci, haka ne. Amma zuba kuɗi sau uku a kan abin da ya riga ya mutu shi ma ɓarnar dukiya ce, sai dai tana sanye da rigar tattali. Shawararmu ga mai ɗalibin da zai yi shekara uku ko biyar da na'ura: in allo ya tsage, batir ya mutu, injin kuma ya girmi 2018, a sayi wata, ko ta hannu ce, amma a buɗe ta a gaban mai sayarwa a ga zubin injin, a kuma tabbata akwai mazaunin baret.

Kada kuma a manta da ƙurar hunturu. Na'urar da fankarta ta toshe tana rage gudu da kanta don kada ta ƙone, kuma mun ga waɗanda aka yanke wa hukuncin tsufa alhali busa kawai suke bukata. Wutarmu, wadda mafi yawanta daga madatsar Lagdo take zuwa, takan ɗauke ta dawo da ƙarfi; na'urar daidaita wuta ta fi sabon allon ciki araha.

Ga yadda kwamiti ya yanke. Mun sa baret ta biyu, ƙwaƙwalwa ta zama giga 8, mun sa SSD, mun busa ƙura. Wani matashi daga cikinmu ya ɗora mata Linux Mint, wadda kyauta ce kuma ana ci gaba da sabunta ta. Ya ɗauke mu mako biyu kafin mu gano inda ƙ da ɗ da ɓ suka ɓuya. Tsohon rumbun kuwa bai bar ofis ba. Mai gyara ya so ya saye shi, Alhaji ya ce masa: "A'a, ɗana, sunayen zawarawa da marayun da muke taimaka wa suna ciki, kuma gogewa ta yau da kullum ba ta share su." Yana cikin akwatin ƙarfe tare da rasitai. Alhaji ya kuma sa aka rubuta a littafin taro cewa za a riƙa ware wani abu kowane wata, daban da asusun marayu, domin ranar da allon cikin zai tsaya.

Da ita aka buga shafin da kuke karantawa.