Mai son koyon aikin sabar a Zamfara ba sai ya jira intanet ba

A farkon Satumbar 2021 aka kashe layukan waya a duk faɗin jihar Zamfara bisa umarnin hukumar sadarwa ta NCC, domin jami'an tsaro su samu damar tunkarar 'yan bindiga. An dawo da layi a birnin Gusau a farkon Oktoba, amma mutanen Karakkai da sauran garuruwan Bungudu da Tsafe sai da suka ƙara jira. Duk ɗalibin da karatunsa na kwamfuta ya rataya a kan intanet, a wannan tsakanin karatun ya tsaya cak.

Ya kamata masu ba matasa shawarar koyon aikin sabar su riƙa tuna wannan. Shawarar da aka fi ji yanzu ita ce a buɗe asusu a AWS ko Azure a yi gwaji a can. Shawara ce mai kyau ga ɗan Legas mai Wi-Fi a ɗaki. Ga matashin da yake zagaya unguwa yana neman sabis, kuma kuɗin data ya ƙaru tun da NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a Janairun 2025, hanya mafi tabbas ita ce ya gina sabar ɗinsa a cikin kwamfutar da ke kan cinyarsa.

Sabar dai ita ce kwamfutar da ke yi wa sauran na'urori hidima. Ita ke riƙe da shafin rajistar ɗalibai, da bayanan marasa lafiya a asibiti, da lissafin da manhajar banki ke nunawa a waya. Babbar manhajar da ke tafiyar da ita ba Windows ɗin gida ba ce, yawanci Ubuntu Server ne ko Red Hat Enterprise Linux ko Windows Server. A ma'aikatu da yawa ma an daina saya wa kowane aiki injinsa. Inji ɗaya ake rarrabawa, ya ɗauki kwamfutoci da dama a cikinsa, kowacce tana aiki kamar ita kaɗai ce. Masu sana'ar suna kiran injin mai masauki, na cikinsa kuma baƙi. Sabar ɗin da ake haya a AWS ɗin ma, mafi yawansu irin waɗannan baƙin ne.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne kayan aikin kusan duk kyauta ne. VirtualBox na kamfanin Oracle kyauta ne. VMware Workstation Pro, wanda a da sai da kuɗi, kamfanin Broadcom ya mayar da shi kyauta a 2024. Ubuntu Server 24.04 ya fito a Afrilun 2024, kuma za a ci gaba da gyara masa matsalolin tsaro tsawon shekara biyar. Microsoft na ba da Windows Server na gwaji na kwana 180, wato kusan wata shida, wanda ya isa mai himma ya iya kafa Active Directory, tsarin da ofisoshi ke amfani da shi wajen ba ma'aikata sunan shiga da kalmar sirri. Mai son Red Hat kuma yana da Rocky Linux da AlmaLinux, waɗanda aka gina su dace da shi.

Sau ɗaya ake buƙatar intanet mai ƙarfi, wato ranar sauke fayil ɗin girkawa, wanda kan ci gigabait biyu zuwa biyar ko fiye. Mutum ɗaya ya sauke a Gusau, ya zuba a filas, ajinsu duka sun samu. Daga nan sai a shiga BIOS a kunna VT-x idan injin na Intel ne, ko AMD-V idan na AMD ne. A nan sababbin shiga suka fi makalewa, har su ɗauka kwamfutar ce ta lalace, alhali wani maɓalli ne kawai a kashe. Sai a ware wa baƙon RAM gigabait biyu da wurin ajiya kamar gigabait 25, a girka Ubuntu Server. Ba shi da hotuna ko gumakan dannawa, baƙin allo ne da rubutu, shi ya sa ba ya wahalar da tsohon inji.

Babbar ribar ita ce damar yin ɓarna. Kafin kowane gwaji ana iya ɗaukar hoton halin da baƙon yake ciki. Idan ɗalibi ya goge fayil ɗin da bai kamata ba, ko ya kulle kansa waje wajen saita katangar tsaro, cikin minti ɗaya ya koma inda yake. Babu ma'aikatar da za ta bar ɗan koyo ya yi haka a kan sabar ɗinta. Idan kuma ya kunna baƙi biyu ya haɗa su da hanyar sadarwa ta cikin injin, ɗaya na riƙe da shafi, ɗaya na riƙe da rumbun bayanai, ya gina ƙaramin ofis ke nan ba tare da ya ƙona ko megabait ɗaya ba.

Wayar ma tana da rawar da za ta taka. Idan aka kunna hospot, ko babu data, waya da kwamfuta sun shiga hanya ɗaya. Da manhajar Termux mutum zai iya shiga sabar ɗinsa ta SSH daga waya, kamar yadda ma'aikatan gaske ke shiga injin da ba su taɓa gani da ido ba.

Akwai ƙorafi biyu, kuma duka suna da gaskiya. Na farko, waya kaɗai ba za ta yi wannan aikin yadda ya kamata ba. Sai da kwamfuta mai RAM gigabait takwas aƙalla, mai huɗu za ta riƙa ja kamar tsohon babur a kan tudu. Wannan kuɗi ne, kuma a jihar da rashin tsaro ya hana mutane da yawa noma, ba ƙaramin abu ba ne. Sai dai matashin da ke tara kuɗin canza waya saboda kyamara, ya dace ya tambayi farashin ThinkPad ko Latitude na hannu kafin ya yanke shawara. Na biyu, tallan aiki da yawa suna neman wanda ya san AWS ko Azure. Haka ne, amma wanda ya iya Linux, ya san ba da izini da saita adireshin IP da karanta rahoton matsala, abin da ya rage masa a can shi ne sanin inda aka ajiye maɓallai.

Inda abin ya fi ƙarfin ɗalibi, nan makarantu suka shigo. Jami'ar Tarayya ta Gusau, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙauran Namoda, da ta Abdu Gusau da ke Talata Mafara, ba sai sun jira kasafin sayen manyan injuna ba kafin ɗalibai su taɓa sabar da hannunsu. Kwamfuta ɗaya mai RAM gigabait 32 da aka girka wa Proxmox, wanda shi ma kyauta ne, za ta iya ba ɗalibai goma ko fiye kowa baƙonsa. Haka cibiyoyin da ke horar da matasa a shirin 3MTT na gwamnatin tarayya. Abin da ake buƙata shi ne sola da batirin da za su riƙe injin idan an ɗauke wuta, da malami ɗaya da zai ajiye fayilolin girkawa a filas, ya kuma bar ɗakin a buɗe bayan an tashi lacca.